Igiyar da ta Haɗa Aljihu da Rediyon Mota



'Yan'uwa masu karatu, da yawa daga cikin motocin da ke yawo a garuruwanmu sun girmi wayoyin da ke aljihun masu tuƙa su da shekara 15 ko 20. Mota ta gama aikinta a Turai, aka ɗoro ta a jirgin ruwa ta sauka a Duwala ko Kwatano, ta iso mana da rediyon da aka ƙera domin kaset ko faifan CD. Ita kuwa wayar ta bana ce ko ta bara, ba ta san kaset ba, wata ma ko ramin igiyar kunne ba ta da shi. Duk abin da mutum yake son ji, karatu ne ko wa'azi ko waƙa, yana cikin wayar, lasifikokin da za su fitar da shi da kyau kuma suna jikin motar. Saboda haka ne kasuwa ta cika da 'yan na'urorin da ke sada waɗannan biyu, kuma kusan babu wadda ban yi amfani da ita ba. Abin da na lura shi ne haɗawar ba ta da wuya. Wuyar tana zuwa bayan sauti ya fara fita, domin waya kayan mutum ɗaya ce, mota kuwa ɗaki ce da mutane ke zaune tare.

A gidanmu ba mu taso da mota ba. Idan tafiya ta kama, ƙanen mahaifiyarmu ne yake ɗaukar mu a Fijo 504 tasa, Malam a gaba, mu yara da Inna a baya. Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne, amma mu da fuskar kaset muke auna hanyar. Kaset ɗin da aka rubuta wa C90 yana ɗaukar minti 45 a kowace fuska, saboda haka idan aka juya na uku mun san hawan dutsen da ke gabanin Ngaundere ya kusa. Tsarin sauraron ma ba ya canzawa. Da an fita gari sai karatun Alƙur'ani, babu mai magana sai da larura. Bayansa wa'azi ko waƙoƙin bege. Idan rana ta ɗaga, Malam ya jingina kai barci ya ɗauke shi, sai Kawu ya miƙa hannu a hankali cikin akwatin gaban mota ya zaro Ɗan Maraya Jos, ya rage murya. Waƙar Karen Mota a nan na fara jin ta. Na daɗe ina zaton Malam bai san da wannan ba, sai da na girma na gane yakan ƙyale ne, domin ya san direban da ya yi sa'o'i yana tuƙi yana bukatar abin da zai kore masa gyangyaɗi. Maganar hukuncin kiɗa da waƙa malamai sun yi ta da faɗi, ba ita ce ta sa na ɗauki alƙalami ba, na bar ta ga masu ita.

Abin da kaset ya yi mana, wanda ba mu lura da shi ba a lokacin, shi ne ya sa zaɓe ya zama a fili. Kaset goma ne ko goma sha biyu a motar, kowa ya san su, an rubuta sunan kowane a bayansa da biro. Wanda zai canza sai ya miƙa hannu kowa na gani. Ba a tsallake abin da ba a so sai da wahala, don haka akan haƙura a saurara har ƙarshe. Kamfanin Philips ne ya fito da wannan kaset a shekarar 1963, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021. Ban yi zaton ya taɓa tunanin zafin Garwa na watan Maris da Afrilu ba, lokacin da kaset ɗin da aka manta a ƙarƙashin gilashin mota yake lanƙwashewa kamar ganyen da aka gasa. Idan kuma rediyo ya haɗiye zare, sai a tsaya a jawo shi a hankali, a zura biro a rami a naɗe.

Sauraron mutum shi kaɗai ya fara yaɗuwa ne da Walkman na kamfanin Sony a 1979. Malam bai taɓa son abin toshe kunne ba. Yakan ce yaro yana zaune cikin mutane amma ba ya nan, a yi sallama bai amsa ba, a kira salla bai ji ba. A 2001 Apple ya fito da iPod, wanda aka yi tallarsa da cewa yana ɗaukar waƙa 1,000, amma shi bai shigo hannun irinmu sosai ba, har aka daina ƙera shi a 2022. Abin da ya iso mana shi ne ƙananan na'urorin MP3 'yan Sin, sai kuma wayoyi masu ɗaukar katin memori, tare da samarin da suka kafa tebur da kwamfuta a bakin kasuwa suna tura wa mutane abin da suke so. Lissafin abin mamaki ne. Sautin MP3 mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabait 1 a minti ɗaya. Karatun da ya kai sa'o'i 30, wanda a da sai an cika kaset 20 na C90 kafin a ɗauke shi, yanzu yana shiga katin gigabait 2 wanda bai fi farcen yatsa ba. Tun daga 1961, lokacin da Shaihu Mahmud Khalil al-Husari ya fara ɗaukar cikakken Alƙur'ani a Masar, ba a taɓa samun sauƙin ɗaukar karatu irin wannan ba.

To amma motar da na fara saya tsohuwar Toyota ce mai rediyon kaset, kuma a nan na haɗu da na'urar da har yau nake ganin ta fi sauran hikima, wato kaset mai igiya. A ido kaset ne kamar kowane, sai dai babu zare a cikinsa, kuma wata siririyar igiya ta fito daga gefensa wadda ake sokawa a ramin kunne na waya. Yadda yake aiki shi ne: rediyon kaset ba ya jin sauti, maganaɗisu yake ji. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe da masu gyara ke kira kai, wanda zaren kaset yake gogawa a kansa yana wucewa, shi kuma yana karanta sauye-sauyen maganaɗisun da aka ajiye a jikin zaren ya mayar da su lantarki, lantarkin ya zama murya. Masu wannan dabara, wadda ta fito a shekarun 1980 domin masu son sauraron CD a mota, sai suka sa wani kan a cikin kaset ɗin ƙarya, daidai inda zare ya kamata ya bi. Sautin waya yana bin igiya ya isa wannan kan, shi kuma ya mayar da shi maganaɗisu, kai ya fuskanci kai, rediyo ya karanta yana zaton zare ne ke wucewa. Har da 'yan ƙafafun roba masu haƙora aka sa a ciki suna juyawa, domin kada rediyo ya ɗauka kaset ya ƙare ya tofo shi ko ya juya fuska. Ba ya bukatar batir, ba ya bukatar saiti. Aibinsa biyu ne: idan ƙafafun sun tsufa sukan yi wani ƙas-ƙas da ake ji a lokacin da makaranci ya tsaya numfashi, sannan igiyar takan karye daga inda bakin rediyo yake matse ta. Idan sautin ya dushe, sau da yawa kan rediyon ne ya yi datti, ɗan auduga da aka jiƙa da alkol na asibiti yana wadatarwa. Na kuma koyi cewa kada a ƙure muryar wayar, a bar ta wajen kashi uku cikin huɗu, a ƙara daga rediyon, in ba haka ba sauti yakan fashe.

Wanda rediyonsa na CD ne, ko kaset ɗinsa ya mutu, yakan koma ga ɗan gidan rediyon aljihu, wanda ake sokawa a ramin kunna sigari. Wannan na'ura tasha ce ta gaske, sai dai ƙarfinta bai wuce 'yan mitoci ba. Tana karɓar sauti daga waya ko kati ta watsa shi a zangon FM, tsakanin megahaz 87.5 da 108, kai kuma ka murɗa rediyon mota zuwa lambar da ka zaɓa. Sharaɗin shi ne lambar ta zama babu kowa a kanta. A daji abin yana tafiya lafiya lau, amma da ka doshi babban gari irin Yawunde, inda tashoshi suka yi yawa, sai ka ji wani mai labarai ya kutso cikin abin da kake ji, dole ka sake neman wuri. Wanda motarsa aka ƙera domin kasuwar Japan kuma zai tarar tsohon rediyonsa daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, don haka sai ya zaɓi lamba tsakanin 87.5 da 90. Akwai wani abu da masu amfani da ita ba su cika tunawa ba, wato abin da aka watsa a iska ba shi da ƙofa. A cunkoson motoci, wanda ke gefenka idan rediyonsa na kan lambarka zai iya jin abin da kake ji.

Igiyar da ake kira AUX ba ta bukatar dogon bayani, ita ce mafi tsabtar sauti a cikin masu araha, in dai rediyo na da raminta mai faɗin milimita 3.5. Idan ka ji wani siririn kuka yana tashi yana sauka tare da totur, to kana cajin wayar ne a motar a lokaci guda. Cire cajar, ko ka sayi ɗan abin tace ƙara da ake sawa a tsakiyar igiyar. Tun da Apple ya cire ramin kunne daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, sai igiyar ma ta koma bukatar wata 'yar igiya. Daga nan Bluetooth ya karɓe fage. Sunan wani sarkin Denmak ne na ƙarni na 10 aka ba shi, yana kuma aiki a tazarar kusan mita 10 ba tare da igiya ba. Har kaset ɗin ƙarya mai Bluetooth ana sayarwa yanzu.

A nan ne damuwata take. Kaset abin da aka ɗauka a kansa kawai yake fitarwa. Waya kuwa duk rayuwar mai ita ce a ciki: kiran iyali, saƙon murya, maganar bashi, sakamakon asibiti, hirar abokai wadda ba a yi ta domin kunnen surukai ba. Da zarar ta haɗu da lasifikar mota, duk wannan yana bakin ƙofa. Na taɓa hawa motar haya zuwa Marwa, mu bakwai a ciki, direba ya haɗa wayarsa muna sauraron Shata. Sai kira ya shigo, ya danna ya amsa, muryar maiɗakinsa ta cika motar. Baiwar Allah ba ta san da mu ba. Ta fara da maganar kuɗin cefane, ta gangaro kan wata rashin jituwa tsakaninta da 'yar'uwarsa, da sunaye da komai. Shi yana ta "to, to, sai na dawo," hannu ɗaya a sitiyari ɗaya yana laluben maɓalli. Wani dattijo da ke gaba ya yi gyaran murya da ƙarfi ya ce, "Assalamu alaikum, Hajiya, muna nan da yawa." Sai aka yi tsit, ta kashe. Babu wanda ya yi dariya, kuma har muka isa kowa kunya yake ji kamar shi ne ya yi laifin. Matar ta yi magana ne a kan amincewar mijinta kaɗai ke ji, aka kai maganarta kunnen baƙi shida.

Maganin wannan yana cikin wayar, mutane ne ba su duba ba. Bluetooth hanya biyu yake buɗewa, ɗaya ta kira ɗaya ta sauti, kuma a yawancin wayoyin Android idan ka shiga saitin na'urar da ka haɗa za ka ga kowace da maɓallinta. Kana iya kashe ta kira ka bar ta sauti. Sai dai a sani saƙon murya na WhatsApp ta hanyar sauti yake bi, saboda haka wanda ya buɗe shi alhali waya na haɗe, motar duka ce za ta ji. Idan kuwa dole ne a amsa kira a lasifika, ladabin da nake ganin ya wajaba shi ne kalmar farko bayan sallama ta zama sanarwa: ina mota, ga su wane tare da ni, suna jin ka.

Abu na biyu ya fi shafar gidaje irin namu. A jikin rediyoyi da yawa akwai maɓallin da aka rubuta wa RDM, a waya kuma masu Faransanci za su ga "aléatoire". Aikinsa shi ne zaɓen kan mai uwa da wabi. Na'ura ba ta san bambancin sura da waƙar biki ba, duk fayil ne a wurinta. Wanda ya zuba komai a kati ɗaya, ko a filash ɗin da muke kira "clé", zai ji an gama Suratu Maryam, kafin ya sauke numfashi kalangu ya ɓarke, bayansa tallar maganin gargajiya da mai turawa ya haɗa masa kyauta. Ko wanda ba ya ganin laifin waƙa ya san wannan bai dace ba. Aya ta 204 a Suratul A'araf ta yi umurni da sauraro da yin shiru idan ana karanta Alƙur'ani, kuma a motar Kawu kaset ne yake taimaka mana a kan haka, domin sa shi niyya ce, cire shi ma niyya ce. Yanzu niyyar sai mutum ya shirya ta tun daga gida. Ni filash biyu nake ajiyewa, na ɗaura wa na karatu koren zare. Surorin kuma na sa musu lamba daga 001 zuwa 114, domin idan aka rubuta 1, 2, 3 kawai, na'urori da yawa sukan kawo 10 da 100 kafin 2. Tsofaffin rediyoyi ba sa karanta filash sai an tsara shi a tsarin FAT32, wasunsu ma ba sa bin suna, jerin da aka zuba fayilolin suke bi, don haka a zuba su a jere. Idan hira ta kama a mota, ko yara sun fara rigima, nakan dakatar da karatun maimakon a bar shi yana tafiya babu mai ji.

Sai batun wa ke da ikon zaɓe. A da amsar a bayyane take, babba ne, sai direba idan babba ya yi barci. Yanzu yaron da ke kujerar baya yana iya haɗa wayarsa kafin uban ya gama ɗaura bel, rediyo kuma wanda ya riga shi yake bi. Na ga gidajen da aka warware wannan ta hanyar da ta fi ba ni tausayi, wato kowa ya toshe kunnensa da nasa, a yi tafiyar sa'a biyar uba bai san abin da ɗansa ke ji ba, ɗan ma bai taɓa jin abin da uban ke so ba. Ni na fi son rigimar. A motata muna farawa da karatu kamar yadda na gada, bayan haka kowa yana da zagaye, har 'yata mai shekara takwas. Sharaɗi ɗaya ne, abin da ka zaɓa kowa zai ji, don haka zaɓi abin da ba za ka ji nauyi ba idan kakarka na motar. Ta wannan hanya na san waƙoƙin da ke yawo a makarantarsu, na hana guda biyu na kuma faɗi dalili, ita kuma ta san Ɗanƙwairo, ko da yake ta ce waƙarsa ba ta ƙarewa.

Wayar kuma ba ta zama a hannun direba. Wanda ke kujerar gaba shi ne mai canzawa, in ni kaɗai ne sai na tsaya. Motar da ke gudun kilomita 90 a sa'a tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya, wato duban allo na daƙiƙa biyu tafiyar mita 50 ce ido a rufe, a hanyar da shanu da babura ke ɓullowa ba sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau huɗu, kuma magana ta lasifika ba ta rage haɗarin sosai ba. Kaset ana iya canza shi da lalube, allon waya kuwa sai an kalle shi.

A 'yan watannin nan igiyar nan ta milimita 3.5 tana yi mini aiki ta ɗaya fuskar. Malam yana da kwali biyu na kaset ɗin tafsirin da ya yi a watannin azumi a masallacin unguwa, wasu tun kafin a haife ni, kuma zaren kaset ba ya jure zafi da shekaru. Na samo tsohon rediyo mai lafiyayyen kai, na haɗa ramin kunnensa da kwamfuta, ina ɗauka da wata manhaja ta kyauta mai suna Audacity. Aikin ba ya gaggautuwa, kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90, kuma dole a zauna kusa saboda zare na iya tsinkewa. Wanda ya tsinke nakan buɗe shi in liƙa da siririn salatif ta baya, a rasa kalma biyu ko uku. Na gama 31, saura 46. Na tura na farkon a wayar Malam, ƙanena ya haɗa masa da rediyo a hanyarsu ta zuwa wata ta'aziyya a Gidar. Ya ce Malam ya saurari kusan rabin sa'a bai ce komai ba, sannan ya sa aka mayar baya kaɗan, ya ce akwai wata kalma da ya fassara a wannan shekarar wadda da yau ne da ba haka zai faɗe ta ba, a nemo masa takarda ya rubuta gyaran a haɗa da fayil ɗin.